KWAMFUTA TANA BARCI, TO WA KE KUKA DA TSAKAR DARE?

A shekarun nan da wuya mutum ya shiga unguwar Hausawa a Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, bai tarar da shagon da aka girke kwamfuta a kan tebur ba. Waɗansu suna buga wa jama'a takardu da cike musu fom da ita, waɗansu kuma a cikinta su ke ajiye lissafin kaya da sunayen waɗanda su ke bi bashi. Galibin waɗannan injuna tokumbo ne, an sayo su daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba. Saboda tsadar ɗaki kuwa, sau da yawa mai shago ko yaronsa a cikin shagon ya ke shimfiɗa tabarmarsa ya kwana, don haka duk abin da injin nan ya yi da dare a kunnensa ne.

Ga yadda abin ya kan faru. Mutum ya gama aikinsa bayan sallar isha'i, ya sa kwamfuta ta yi barci, allo ya yi duhu, fanka ta tsaya, ya kwanta. Can wajen ƙarfe biyu na dare sai ya ji tit, tit, tit, tit. Ya tashi ya haska fitilar waya, bai ga kome ba. Ya koma ya kwanta, jim kaɗan ƙarar ta sake dawowa. Gari na wayewa sai ya naɗe kwamfuta a bargo, ya biya kuɗin mota zuwa wurin mai gyara, a kunna ta a gabansa ta tashi lafiya ƙalau. In ya gamu da mai gaskiya, a ce masa ya koma da abinsa. In kuwa bai yi sa'a ba, a canza masa wani abu da lafiyarsa lau, a karɓi kuɗi, ya dawo shago, daren nan kuma kukan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Amma akwai ƙa'ida guda wadda in mai kwamfuta ya riƙe ta, za ta rage masa wahala da ɓarnar kuɗi. Ƙa'idar ita ce, kwamfutar da ta yi barci na sosai kusan ba ta da bakin yin kuka. Saboda haka in an ji ƙara, ɗayan biyu ne: ko dai wani abu ne dabam da ke kusa da ita ya ke kukan, ko kuwa ta farka ba da sanin mai ita ba.

MENE NE BARCIN

Barcin kwamfuta yana bin wani tsari ne da a ke kira ACPI, wanda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka haɗu suka fitar a watan Disamba na 1996. Tsarin ya kasa halin da inji ke iya kasancewa hawa-hawa, daga S0, watau tana aiki sosai, har zuwa S5, watau an kashe ta. Barcin da aka saba da shi a kwamfutar tebur shi ne S3. A wannan hali ƙwaƙwalwar injin ba ta aiki, faifan ajiya ya tsaya, fankoki sun tsaya, babu wata manhaja da ke gudana. Abin da ya rage a raye shi ne ram, watau ma'ajiyar wucin gadi inda aikin da aka bari a buɗe ya ke, da kuma 'yan ƙananan hanyoyin da ke sauraron a taɓa maɓalli don a tashe ta. Akwatin wuta na cikin injin ya kan ci gaba da ba su wata 'yar wuta mai bolt 5, wadda ba ta yankewa muddin fulogi yana jikin soket.

Hawa na gaba, S4, shi ne dogon barci. A nan injin ya kan kwashe duk abin da ke cikin ram ya rubuta a kan faifai, sa'an nan ya mutu murus, ko da an ɗauke wuta ba abin da zai ɓace. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda ke zaune inda wuta ba ta da tabbas, kuma za a sake komowa kansa.

Akwai kuma wani sabon irin barci da ke zuwa da waɗansu injuna na bayan nan, tun daga zamanin Windows 8 a 2012, inda kwamfuta ke yin kamar wayar hannu: allo ya mutu, amma tana iya motsawa a ciki ta karɓi saƙo ko ta sauko da gyare-gyare. Mai son sanin irin barcin da tasa ta ke yi sai ya buɗe tagar ba da umarni ta Windows ya rubuta powercfg /a, za ta jera masa.

A FARA DA MAƘWABTA

Kunnen ɗan Adam ba shi da ƙwarewa wajen gane inda siririyar ƙara mai kaifi ta ke fitowa, balle a ƙaramin ɗaki mai bangon siminti inda sauti ke dawowa daga kowace kusurwa. Shi ya sa a kan ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba.

Wanda za a fara tuhuma shi ne UPS, akwatin batir ɗin nan da a ke ajiyewa a ƙarƙashin tebur don ya riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. An yi shi ne musamman don ya yi kuka duk sa'ad da ya koma kan batir. Alal misali, ƙananan akwatunan kamfanin APC da a ke kira Back-UPS su kan yi ƙara huɗu kowane daƙiƙa 30 in suna kan batir, su riƙa yin ƙara ba tsayawa in batir ya kusa ƙarewa, su yi doguwar ƙara guda mara yankewa in an ɗora musu kaya fiye da ƙarfinsu. In kuma batir ya tsufa yana son canji, sai su yi ta 'yar tsuwa na tsawon minti ɗaya, su yi shiru, su maimaita bayan awa biyar. Wannan ta ƙarshe ita ta fi rikita mutane, domin tana zuwa ne ko da akwai wuta, kuma kafin a tashi a duba ta yi shiru. Sauran kamfanoni kowa da irin nasa tsarin, amma manufar ɗaya ce.

Ba lalle sai an ɗauke wuta gaba ɗaya UPS ya ke kuka ba. Wutar gida a Nijeriya an tsara ta a kan bolt 230, amma duk wanda ya zauna a unguwa mai cunkoso ya san yadda ta ke yin rauni har ƙwan fitila ya koma ja. In ta faɗi ƙasa da abin da akwatin zai iya ɗagawa, sai ya koma kan batir na 'yan daƙiƙoƙi, ya yi ƙararsa, ya dawo. Haka kuma ya kan yi lokacin da a ke juyawa daga wutar NEPA, kamar yadda jama'a ke ci gaba da kiranta ko da ya ke rarraba wutar ta koma hannun kamfanoni tun 2013, zuwa ta janareto. Tun da kwamfuta mai barci ba ta jan wuta sai 'yar kaɗan, batir ya kan daɗe bai ƙare ba, kukan kuwa ya daɗe tare da shi.

Na biyu shi ne mitar kati. Da yawa daga cikin mitocin nan su kan yi ƙara in kuɗin da aka loda ya kusa ƙarewa, kuma ƙaramin akwatin da a ke danna lambobi a jikinsa sau da yawa a soket ɗaya a ke jona shi da kwamfuta. Na uku inbata, ga wanda ya ke da ita, domin ita ma tana kuka in batir ya yi ƙasa. Na huɗu lasifika. Wadda ta ke da nata fulogi ba ta yin barci tare da kwamfuta, kuma in aka ajiye wayar hannu kusa da ita, musamman wayar da ke kan tsohon layin GSM, sai a ji wani irin ɗir-ɗir-ɗir duk lokacin da wayar ta yi magana da turken sadarwa, ko da ba wanda ya kira. Sitabilaiza kuma ƙas-ƙas ta ke yi in tana canza mataki, wanda mai magagin barci zai iya ɗauka daga kwamfuta ne.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin ko kwabo. A kashe kwamfuta sosai, a zare fuloginta, a bar sauran kayan a kunne yadda su ke, a kwana. In kukan ya dawo, to kwamfuta ta fita daga zargi. Daga nan sai a riƙa cire sauran ɗaya bayan ɗaya, dare ɗaya abu ɗaya. In an yi dace ana kusa lokacin da ƙarar ke tashi, a naɗe takarda ta yi kamar bututu, a sa a kunne, a bi kayan ɗaya-ɗaya, nan da nan za a kama mai laifi.

IN ITA CE TA FARKA

In gwaji ya nuna lalle daga cikin akwatin kwamfuta ƙarar ke fitowa, to sai a nemi abin da ke tashinta. A kan babban faranti na ciki, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai wani ɗan ƙaramin abu baƙi mai kama da maɓallin riga. Gado ne daga kwamfutar IBM ta 1981, wadda ta zo da 'yar lasifika a cikinta. Babban aikinsa a yau shi ne ba da rahoto lokacin da inji ke binciken kansa yayin tashi. A injuna da yawa gajeriyar ƙara guda tana nufin an duba kome lafiya.

Abin lura a nan shi ne, kwamfutar da ta farka daga barci yadda ya kamata ba ta kan sake wannan cikakken bincike ba, don haka ba ta kan yi ƙarar ba. In an ji tit guda ɗaya da dare, sa'an nan fanka ta fara juyawa, alama ce ta cewa injin ya mutu ne ya sake tashi daga farko. Abin da ya fi jawo haka a wurarenmu shi ne wuta. An ɗauke ta, batirin UPS ya ƙare ko kuma babu UPS ɗin ma, kwamfuta ta mutu cikin barcinta. Waɗansu akwatunan ma in suka ga kayan da ke kansu ba shi da nauyi, su kan kashe kansu bayan 'yan mintoci don tanadin batir. Da aka dawo da wuta sai kwamfuta ta kunna kanta, domin a cikin BIOS, watau shirin farko da ke tashin inji, akwai wani zaɓi da ke gaya mata abin da za ta yi in wuta ta dawo. A injunan Dell sunansa AC Recovery, a na HP kuma After Power Loss. Injunan tokumbo da yawa daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma a kan sami waɗanda aka bar zaɓin a kunne. In aka mai da shi kan a zauna a kashe, wannan ƙarar ta ƙare.

Amma fa ƙarar ba ita ce babbar asara ba. Duk aikin da aka bari a buɗe ba a adana ba, in wuta ta yanke cikin barcin S3, ya tafi ke nan, sai dai in an kunna haɗaɗɗen barcin da Windows ta ke da shi tun daga Vista, wanda ke ajiye kwafi a kan faifai. Saboda haka ga wanda ba shi da tabbacin wutar dare, dogon barci ko kashewa gaba ɗaya ya fi masa alheri.

Ban da wuta, akwai abubuwan da aka ba izinin tashin inji. Linzami yana daga ciki, kuma ba ya bukatar hannu: girgizar babbar mota a kan titi, ko ɓera ya bi ta kan tebur, ta isa. Allon rubutu ma haka, in aka ɗora masa littafi ko wani maɓalli ya maƙale saboda datti, kuma maɓallin da ya maƙale shi kansa yana sa waɗansu injuna ƙara. Akwai katin intanet, wanda a kan ba shi ikon tashin inji in saƙo ya zo ta waya. Akwai kuma agogon da Windows ke saitawa da kanta don ta farka da dare ta yi gyare-gyare, wani lokaci har ta kashe kanta ta sake tashi. In ta farka kuwa, lasifika na iya fitar da sautin nan da a ke ji in an soka filash ko an zare.

Ba a bukatar duba ko bugun ƙasa don gane wanda ya tashe ta, domin Windows tana rubutawa. A tagar ba da umarni, powercfg /lastwake zai faɗi abin da ya tashe ta na ƙarshe. Sai powercfg /devicequery wake_armed, wanda ke jera duk kayan da ke da izinin tashinta. Shi kuma powercfg /waketimers yana nuna agogunan da aka saita, amma sai an buɗe tagar da ikon mai gida. In an gane mai laifi, sai a shiga Device Manager a cire masa izinin, ko a shiga Power Options a hana agogunan. A littafin tarihin injin, watau Event Viewer, in aka ga lamba 41 a ƙarƙashin Kernel-Power, ma'anarta injin ya sake tashi ba tare da an kashe shi yadda ya kamata ba, kuma lokacin da aka rubuta zai nuna ko ya yi daidai da lokacin kukan.

ƘARA MAI LISSAFI

Wani lokaci inji ya kan yi yunƙurin tashi ya kasa, allo ya zauna baƙi, sai ƙara ta riƙa fitowa a jere, dogaye da gajeru, tana maimaituwa. Wannan magana ce injin ke yi, kuma kowane kamfani da harshensa. A tsofaffin injuna masu BIOS na Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nufin matsala a sashen hoto. A na AMI, gajeru uku na nuni ga ram. A waɗansu injunan Dell, biyu na nufin ba a ga ram ba, biyar kuma na nufin batirin agogo ya mutu. Don haka kada a ɗauki fassarar wani inji a ɗora wa wani. A ƙirga ƙarar da kyau, a ɗauke ta da waya, a nemi littafin wannan samfurin.

Biyu daga cikin waɗannan ba su da wuyar magani. Batirin agogo wani ɗan fai-fai ne kamar sulalla, mai lamba CR2032, mai bolt 3, kuma alamar mutuwarsa ita ce kwanan wata da lokaci su riƙa rikicewa duk sa'ad da aka zare fulogi. Shi kuma ram, a garuruwan bakin teku kamar Ikko da Fatakwal laima da iskar gishiri su kan dusashe haƙoransa na ƙarfe, kamar yadda ƙurar hunturu ke toshe fankoki a Arewa. Sau da yawa zare shi, a goge haƙoran a hankali, a mai da shi ya zauna daram, ya wadatar. Sai dai kafin a sa hannu cikin inji tilas a zare fulogi tukuna, domin wutar nan mai bolt 5 tana nan ko da an kashe.

INDA BA A JINKIRI

Akwai kuka iri uku da ba a kwana da su. Na farko na faifan ajiya ne, irin mai juyawa. Ba shi da lasifika, amma in injin da ke juya shi ya maƙale, ko allurarsa ta manne, ya kan fitar da wata siririyar ƙara mai kama da tit-tit yayin da ya ke ƙoƙarin tashi. Faifan waje da a ke jonawa ta USB ma ya kan yi haka in wutar da ke isa gare shi ba ta ishe shi ba, don haka a fara gwada wata waya da wata kafa. In ƙarar ta ci gaba, kada a yi ta kunnawa ana kashewa, kada kuma a bubbuga shi, domin kowane yunƙuri na iya ƙara ɓarna. In har yana buɗewa, a kwashe abin da ke ciki nan take. Sabon faifai ana sayensa a kasuwa ko yaushe, amma lissafin bashin shekara uku in ya ɓace, sai abin da masu bashi suka ga dama suka tuna.

Na biyu shi ne siririn fito mai ci gaba daga akwatin wuta na bayan inji. Wani lokaci ba kome ba ne illa rawar ƙananan naɗaɗɗun wayoyin ciki in kaya ya yi sauƙi. Amma in ya haɗu da ƙauri, ko inji ya fara wuyar tashi, to akwatin ya gaji, a canza shi. Kada wanda ba gwani ba ya kwance shi, domin akwai abubuwa a ciki masu riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare fulogi.

Na uku batirin UPS. Yawanci irin na dalma ne mai bolt 12, kuma masu yinsa su kan ba shi shekara 3 zuwa 5 a wuri mai sanyi daidai. Zafi yana rage masa kwana ƙwarai, balle a shagon kwano da ba iska. In akwatin ya yi zafi fiye da kima, ko ya kumbura, ko yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a kashe shi a fitar da shi waje, musamman in akwai mai kwana a ɗakin. Waɗansu akwatuna suna da maɓallin da ke hana su ƙara, amma toshe bakin mai gargaɗi ba ya sabunta batir.

In duk an bi waɗannan matakai abin bai warware ba, sai a tafi wurin mai gyara, amma a tafi da shaida a hannu: ƙarfe nawa ƙarar ke tashi, guda nawa ce, dogaye ne ko gajeru, akwai wuta a lokacin ko babu, fanka na juyawa ko a tsaye ta ke, ga kuma sautin a waya. A ɗauki UPS ɗin tare da kwamfutar, domin in aka bar shi a shago, mai yiwuwa an bar mara lafiyar a gida ke nan an kai mai lafiya asibiti. A kuma kwafe muhimman takardu a filash kafin inji ya bar hannun mai shi, sa'an nan duk abin da aka ce an canza, a nemi a ba da tsohon. Mai gyara na kirki zai ji daɗin wannan bayani don ya rage masa aiki, wanda ba na kirki ba kuwa zai gane cewa mai kayan ya san abin da ya kawo shi. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.